Yadda Gaisuwa Ta Kusa Mai da Waken Inna Ƙosai

Aikin farko da aka ba ni a ɗakin gwaji daka ne. Na zo da takardar difloma a cikin leda, na sa farar riga har gwiwa, ina jiran a zaunar da ni gaban inji mai fitilu, sai Malam Barau, babban ma'aikacin ɗakin, ya miƙo mini wani ɗan turmi na tangaran da 'yar taɓaryarsa, ya ce in daka masa ganyen wake. Na daka iya ƙarfina. Ya leƙa ciki, ya tambaye ni ko tuwon na nan tafe, tunda ga miya na haɗa. Ya zubar, ya ba ni wani ganyen. Wata uku na yi ina daka kafin ya yarda in taɓa sikeli.

Na fara da wannan ne saboda ku da ake turo mana yanzu daga makaranta. Kuna shigowa da waya a hannu, ku kalli injin, ku ce ai shi ke yin aikin, Baba Sa'idu maɓalli kawai yake dannawa. Ba na jin haushi, don ni ma haka na ɗauki Malam Barau, Allah ya jiƙansa. Amma inji bai san abin da ya faru a gona ba. Abin da ka zuba masa yake aunawa, in kuma ƙarya ka zuba masa zai buga maka ita a takarda da lambobi tsaf.

Ga abin da muke aunawa. In ƙishi ya kama shuka, akwai wani sinadari da take tarawa a ganyenta, shi ke sa ta rufe 'yan ƙofofin da take numfashi ta cikinsu don kada ruwa ya tsere. A takarda ABA ake rubuta shi, mu kuwa sinadarin ƙishi muke ce masa. Matsalar ita ce ganye bai san bambancin fari da almakashi ba. Da ka yanke shi ya fara yaushi, da ya fara yaushi ya fara tara sinadarin, ko da uwarsa tana tsaye cikin ruwa. Saboda haka ana yankewa ake jefa shi cikin tulu. Malam Barau ya ce in ka ƙirga goma ganyen yana hannunka, ka yar da shi ka nemi wani.

Tulun na ƙarfe ne, cike da ruwan naitirojin, wanda sanyinsa ke ƙona fata. Ba a ɗaure murfinsa tamau, don in ka toshe shi fashewa zai yi. Shekaru na yi ina ɗaure shi a bayan babur, yana 'yar tururi, daga Batsari zuwa Wagini, daga can in zagayo Zakka. Wata rana a Wagini wani mai tumatir ya matsa sai na sayar masa da ƙanƙara. Na karɓi tumatir ɗaya a faifansa, na tsoma da matsefi mai dogon hannu, na ciro na sake shi a kan dutse. Ya tarwatse kamar kwalba. Mutumin bai ƙara yi mini maganar ƙanƙara ba, kuma daga ranar in ya hango ni sai ya rufe faifansa.

In ganye ya iso ɗakin gwaji, a cikin wannan sanyin ake daka shi har ya zama gari. In ya narke ya jiƙe, miya ce, zubarwa ake. Sai a auna garin a sikeli da ko numfashi ya yi masa yawa, a jiƙa shi a wani ruwan sinadari mai suna metanol cikin bututu, a lulluɓe bututun don haske yana ɓata sinadarin, ya kwana a firij. Da safe a sa a injin juyi don tsaki ya kwanta. Wannan injin in ba ka daidaita nauyin bututan ba, tashi yake ya kama tafiya a kan tebur, na taɓa tare shi da ƙirjina. Daga nan a ɗiga ruwan a wani faranti mai ramuka casa'in da shida, a jira launi ya fito. Nan sabon shiga ke faɗuwa, don lissafin a juye yake: ramin da ya yi ruwan ɗorawa sosai sinadarinsa kaɗan ne, wanda ya fito fari-fari shi ne ke cike da shi.

Masu kawo mana aiki iri-iri ne. Akwai ɗalibin da ya riga ya rubuta sakamako a kundinsa, so yake faranti ya yarda da shi. Akwai wanda ya tsinko ganyen dawa a Safana, ya ƙulle a baƙar leda, ya kwana biyu da ita a jaka, ya dire mini ya ce a auna masa fari. Na ce masa abin da zan iya aunawa a nan wahalar mota ce. Na yi masa dariya sosai, ban san tawa ta fi tasa ba.

Dakta Rabi ita ce shugabarmu a lokacin. Ta bi ƙauyukan Batsari da Safana tana karɓar irin wake na gado a hannun manoma, tiya ɗai-ɗai, kowanne a zuba a kwalba a ba shi lamba a ajiye a ɗakin sanyi. So take ta gano wanda ke jure ɗaukewar ruwa. Kowane manomi zai shuka nasa a gonarsa, in ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina ni kuma in zaga in yanko ganye, daga fitowar rana zuwa hantsi. Ɗakin sanyin ƙarami ne, don haka irin da ya faɗi jarrabawa fitar da shi ake yi. Tunda ba a sa masa magani, wurin mai ƙosai ta bakin ƙofa yake ƙarewa. Ba zan ɓoye muku ba, mu ƙananan ma'aikata mun fi sa ido a kan jerin waɗanda suka faɗi.

Lamba sha huɗu waken Malam Mati ne, limamin wata 'yar unguwa a bayan Ruma. Ƙanana ne, ruwan ƙasa-ƙasa, da ɗan baƙin ido, ba su da farin jini a kasuwa, shi ya sa babu mai shuka su sai shi. Mahaifiyarsa ce ta zo da irin daga gidansu, shi kuma waken Inna yake kiransa. Ban san a lokacin ba cewa wata rana tiyar nan da ke cikin kwalbarmu ita kaɗai za ta rage.

Malam Mati mutum ne mai gaisuwa. Na gaisa da dattawa da yawa, amma shi dabam ne. In ka ce ina kwana, zai amsa, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi mahaifinka da mahaifiyarka ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi Dakta da mutanen ofis, ya tambayi hanya, ya tambayi yadda ruwa ya yi a wajenku. In ka ɗauka an gama, sai ya ja numfashi ya sake ɗaukowa daga gajiya. Sannan ya ɗaga hannu a yi addu'a.

Ranar farko da na je gonarsa na kafe babur, na ajiye tulu a inuwar wata aduwa a bakin gona, na shiga tsakiyar wake na yanki ganye biyar. Ina juyowa sai na ji sallama. Ga Malam tsaye da sandarsa. To ku faɗa mini, wane ɗan mutunci ne zai wuce liman da gudu ya ce yana da ganye a hannu? Na tuɓe takalmi na durƙusa. Da aka zo addu'a ana bukatar hannu biyu, sai na zura ganyen a aljihun gaba. Muna shafawa wasu dattawa biyu suka iso, sun ji ƙarar babur. Aka sake daga farko. Aka kawo fura, ba a kuma mayar da furar liman. Rana tana dukan ƙirjina, ganye yana ciki. Da na samu kaina na jefa shi a tulu, na rubuta a littafi cewa an ɗauka lafiya. Sau uku na je gonar a daminar nan, sau uku haka aka yi.

Da rani aka yi gwajin. Ramukan lamba sha huɗu suka fito fari tas. Dakta ta duba, ta duba awon danshin ƙasa na ranakun da na yanki ganyen, ta ce, “Wannan wake matsoraci ne. Ƙasa da sauran laima, shi har ya fara ihu.” Ta ja masa jan biro. Aka ce ranar Juma'a za a kwashe waɗanda suka faɗi.

A satin na haɗu da Malam Mati a kasuwar Batsari. Bayan mun gaisa, abin da ya ci rabin yinina, na faɗa masa cikin raha cewa wakensa ya faɗi jarrabawa, injinmu ya ce ba ya jure rana. Na ɗauka zai yi dariya. Bai yi ba.

“Waken Inna?” ya ce. “Shekarar da gero ya ƙone tsaye, shi munka ci har kaka ta zagayo. Injin nan naku shina da lahiya kuwa?”

Na ce lafiyarsa ƙalau, daga waje aka kawo shi.

“To ku yi ƙosanku, Sa'idu. Ni rumbuna shina nan. Amma kak ku rubuta ma takarda cewa waken Inna raggo ne, wanga ba gaskiya ba ne.”

Maganar ta tsaya mini a rai, na kai wa Malam Barau. Ya karɓi littafina na gona da takardar sakamako. Ya riƙa tambayata, gonar nan ta wa ce, shekarunsa za su kai nawa, ina faɗa yana rubutawa a gefe. Da ya gama ya juyo mini da takardar. Duk waken da ya fito matsoraci na dattawa ne, liman da mai unguwa da tsofaffin alhazai. Jaruman kuwa na samari ne. Wanda ya fi kowa natsuwa na wani ɗan acaɓa ne a Zakka, wanda in ya gan ni a gonarsa hon kawai yake danna mini ya wuce.

Malam Barau ya cire tabarau ya ce, “Sa'idu, kai wake aka aike ka aunawa ko furfura?”

Na ce ban gane ba.

“In ka yanki ganye dattijo ya zo, ina kake sa shi?”

Hannuna da kansa ya tafi aljihun gaba. Ya ce to, ko in faɗa wa Dakta da bakina, ko ya faɗa mata da nasa, kuma nasa ya fi yaji. Gaskiya na so in yi shiru. Aikin damina guda ne zai zube, ga shi mai ƙosai har ta aiko tana tambayar tiya nawa za ta samu. Na ce masa in aka bari abin ya wuce wa zai sani? Ya ce Malam Mati ya riga ya sani.

Ranar Talata na shiga ofishin Dakta na faɗa mata. Ta ce ba ta yarda ba. Ita ma 'yar ƙasar nan ce, ta san gaisuwa, babu gaisuwar da za ta yi tsawon da ganye zai yi yaushi. Na ce, “Ranki ya daɗe, ba ki zauna da Malam Mati ba.” Ta ce ai ta gaisa da shi ranar karɓar iri. Na ce ranar yana sauri ne, ana jiransa jana'iza.

Malam Barau ya ce a gwada. Muna da wake a tukwane a bayan ɗakin gwaji, ana ba shi ruwa kullum, ba shi da wata damuwa a duniya. Na yanki ganye biyu a jikin shuka ɗaya. Na farko na jefa a tulu nan take, na biyu na riƙe. Malam Barau ya naɗa tawul a kai, ya ɗauki sandar tsintsiya, ya taho yana ɗingishi ya yi sallama. Na tuɓe takalmi na durƙusa a rana. Dakta tana riƙe da agogo.

“Ina gajiya, Sa'idu? Ya iyali? Ya tsoho? Ya tsohuwa? Ya mutan ofis? Ya babur? Ya tayar gaba? To madalla. Ya ta baya?”

Na ce Malam Mati bai taɓa tambayar taya ba. Ya ce in yi shiru ana gaisuwa. Ya yi zagaye biyu, ya ɗaga hannu, na zura ganye a aljihu. Ya koma bayan bango ya fito a matsayin mai unguwa, ya sake fitowa a matsayin wani alhaji, ya kawo mini ruwa a kofi ya ce fura ce in shanye. Dakta ta yi dariya har ta jingina da bango, amma ba ta saki agogon ba.

Ranar Alhamis launi ya fito. Ganyen tulu ya yi ruwan ɗorawa, ganyen aljihu ya yi fari, alhali uwarsu ɗaya. Wannan karon Dakta ba ta yi dariya ba. Ta faɗa mini maganganun da ba zan maimaita muku ba, ta soke sakamakon daminar gaba ɗaya, ta ce babu kwalbar da za ta fita sai an sake. Wata guda ni ke wanke kwalaben kowa. Abokan aikina kuma suka daina yi mini magana na kwana biyu, don na hana su ƙosai. Shi ya sa har yau in ɗayanku ya kawo mini ganye daga gona, kafin in tambayi sunan shuka nake tambaya, wa ka gaisar?

Za ku ce ai da sauƙi, a gaisa tukuna sannan a yanka. Na gwada. Ka gama da ɗaya, ka ɗaga almakashi, na biyu ya ɓullo daga cikin gero, hantsi kuma ba ya jira. Da damina ta dawo sai na je gidan Malam Mati tun kafin ranar aiki, na zauna na yi masa bayani duka, har da aljihu. Ya daɗe yana shafa gemu.

“Wato ni na kada waken Inna da bakina.”

Na ce laifina ne, Allah gafarta Malam.

“Naka da nawa. To mi kake so a yi?”

Na ce in na shiga gona kada kowa ya yi mini magana sai na rufe tulu. Ya ce mutum ya shiga gonarsa a tsaya ana kallonsa kamar ɓarawo, wannan bai taɓa ji ba. Na ce gaisuwa in ta jira ba ta lalacewa, ganye ne ke lalacewa. Ya ce zai duba.

Da na zo ranar aiki na tarar da shi a kan turbar da ke shiga gonar, ya gicciya sanda. Duk dattijon da ya taho jin ƙarar babur, Malam ya tare shi ya shanye gaisuwar shi kaɗai. Ni kuwa ya juya mini baya don kada idonmu ya haɗu, amma ina ganin kafaɗarsa tana motsi, abin yana cinsa. Na matso da tulu kusa, na yanka na jefa, na yanka na jefa. Sai na ji muryarsa, bai juyo ba.

“Ka ruhe?”

“Na rufe, Malam.”

Ya juyo da mutum huɗu a bayansa. Ranar na biya gaisuwa har da ta bara. Da aka yi gwaji lamba sha huɗu bai zo na ɗaya ba, kada in yi muku ƙari, amma ya fito cikin na gaba-gaba, kwalbarsa ta zauna a ɗakin sanyi. Na ɗan acaɓan Zakka ne ya faɗi, shi muka ci ƙosai, kuma ya yi daɗi.

Sannan shekarar da ba ta da kyau ta zo. Hanyoyin da nake bi da tulu suka zama ba a bin su. Aka hana mu fita daga cikin gari, naitirojin ya riƙa ƙarewa a tulu ba a tsoma ko ganye ɗaya ba, muka koma auna na tukwane. Littafina na gona yana nan, rabin sunayen da ke ciki ban san inda masu su suke ba. Unguwar su Malam Mati ta watse. 'Yan bindiga sun kwashe abin da za su iya ɗauka, suka sa wa rumbuna wuta. Ya fito da iyalinsa da kayan jikinsu, suka zauna a gidan wani ɗan'uwansa a Batsari. Damina biyu bai yi shuka ba. Ban sani ba sai daga baya, da wani mutumin Ruma ya ce mini an ba Malam aron 'yar gona a bakin gari, yana ta bin 'yan gudun hijira yana tambaya ko akwai wanda ya fito da ko ƙwaya goma ta ƙananan waken nan. Babu wanda ya fito da su, tunda babu mai shuka su sai shi.

Na shiga ɗakin sanyi na ɗauko kwalbar. Ban yi gaggawar murna ba, don iri yana mutuwa a ajiye. Na jera ƙwaya goma a jiƙaƙƙiyar takarda na rufe, kullum da safe in buɗe in leƙa. Rana ta huɗu takwas suka tsiro. Na kai wa Dakta, ta duba, ta ce a raba biyu, rabi ya zauna rabi a mai da wa mai shi. Ta sa hannu da wannan jan biron.

Na same shi da hantsi a ƙofar gidan, zaune a kan buhu. Ya rame, rawanin ma ba nasa ba ne. Na kafe babur nesa kaɗan, na tuɓe takalmi, na durƙusa da kwalbar a hannu, na gyara zama don na san abin da ke gabana.

“Allah gafarta Malam, ina kwa…”

Ya ɗaga mini hannu. Ba ni yake kallo ba, lambar da ke jikin kwalbar yake kallo.

“Aje gaisuwar nan, Sa'idu, ba ta lalacewa. Miƙo.”

Na miƙa. Ya buɗe ya zuba kaɗan a tafinsa, ya baza su da yatsa, ya juya ɗaya ya ga baƙin idon. Ya daɗe a haka, ni kuma ina durƙushe har ƙafata ta mutu. Sannan ya mai da su ɗaya bayan ɗaya, ya rufe, ya sake gwada murfin, ya sa kwalbar cikin riga a jikin ƙirjinsa. Ya goge ido da bakin rawani.

“To,” ya ce, “yanzu gaishe ni.”

Na gaishe shi. Ya ɗauko daga gajiya, ya bi ta kan iyali da tsoho da tsohuwa, ya zo kan mutanen ofis ya tambayi Malam Barau, na ce ya rasu bara. Ya ɗaga hannu, na ɗaga nawa biyu, babu komai a aljihuna. Ranar ban duba agogo ba.